Sukundireba Ba Makullin Tarakta Ba Ce



Ruwan farko ya sauka a wurare da dama, duk mai 'yar kadada hankalinsa ya koma kan neman tarakta. Wanda ya taɓa zuwa inda taraktocin haya ke kwana da sassafe a irin wannan lokaci ya san abin da zai gani. Direba na gefe yana shan shayi, ko yana ciniki da mai gona. Yaronsa ya zagaya gefen inji riƙe da doguwar sukundireba, ya sunkuya, ya haɗa ƙarafa biyu na jikin kik, wuta ta yi tartsatsi, inji ya ɗauka. Babu kowa a kan kujera. Masu kallo su ce lallai yaron nan ya san aiki. Ni kuwa duk lokacin da na ga haka sai gabana ya faɗi, domin inda yaron ke tsaye taku ɗaya ne tsakaninsa da babbar tayar baya.

Ina da dalilin faɗuwar gaba. A ƙauyenmu akwai wani da muka yi firamare tare, ya zama yaron tarakta. Birkin ajiya na motar ubangidansa ya daɗe da lalacewa, don haka kullum da dare a cikin giya ake barin ta don kada ta gangara. Wata safiya aka manta ba a mayar da ita firi ba, shi kuma ya tashe ta daga ƙasa kamar yadda ya saba. Ta bi ta kan ƙugunsa. Allah Ya yi da sauran kwanansa, amma yau da sanda yake tafiya, fartanya ma ba ya iya riƙewa. Mai motar ya biya kuɗin asibiti na farko, ya yi jaje, ya ɗauki wani yaron. Mako bai zagayo ba ta koma gona, kuma da sukundirebar nan dai ake tashin ta.

Abin da nake son faɗa ke nan a yau: wannan abu da muke yi wa kirari da gwaninta, tsumulmular mai mota ce aka ɗora wa yaro a ka. An ƙi sayen ƙaramin ƙarfe, an jingina ƙashin ɗan wani a madadinsa.

Bari mu duba yadda abin yake. A jikin tarakta akwai wani ɗan makunni da ke kan hanyar wutar da ke zuwa kik daga makulli. Aikinsa ɗaya ne: idan giya ba ta firi, ba zai bar wuta ta wuce ba, ko da ka murɗa makulli sau goma. Wanda ya kai sukundireba jikin kik ya tsallake wannan mai gadi, ya ba wa kik wuta kai tsaye daga batir. Kik kuwa bai san giya ba, juya inji kawai ya sani. Injin gas mai ɗumi yakan ɗauka nan take, idan kuma ya ɗauka a cikin giya to mota ta tafi. Ko da gudunta bai kai kilomita 4 a awa ba, wato tafiyar ƙafa ta mai nishaɗi, mita ɗaya take ci a daƙiƙa ɗaya. Mutumin da ya sunkuya, kansa na cikin inji, yaushe ya ankara, yaushe ya miƙe, yaushe ya yi tsalle? Ga shi nauyin abin da ke tahowa ya haura tan biyu. Ban da haka, tartsatsin da sukundireba ke yi a kusa da batir yake, batir kuwa yana fitar da wata iska mai kama wuta, musamman wanda aka gama yi wa caji. Yana iya fashewa ya watsa wa mutum ruwan batir a ido.

Kada wani ya ce ai tsofaffin motoci ne, haka aka ƙero su. Tun a 1946, ƙaramar taraktar Ferguson da aka fara ƙerawa a Ingila, da sandar giya ake tashin ta, ta yadda ba za ta taɓa tashi a cikin giya ba. Massey Ferguson 135 da 165, waɗanda aka fara fitarwa a 1964 kuma har yau suke huɗa a gonakinmu, sun zo da wannan makunni, sai an mayar da ƙaramar sandar giya tsakiya kafin makulli ya yi aiki. Wato masu ƙira sun hango wannan haɗari tun kafin a haifi iyayen wasunmu, suka toshe ƙofarsa. Mu ne muka buɗe. Makulli ya ɓace ba a sake wani ba, waya ta tsinke aka ƙulle ta da leda, makunnin ya mutu bakanike ya haɗe wayoyin biyu ya ce a je a ci gaba da aiki. Haka labarin yake ga tsofaffin Fiat, da Steyr ɗin da aka riƙa harhaɗawa a Bauchi. Tsufa bai cire musu komai ba, hannunmu ne ya cire.

Kuma wannan hali bai tsaya kan tashin mota ba. Duba bayan tarakta, inda wata sandar ƙarfe ke juyawa tana ba injin casa ko injin feshi ƙarfi, wadda makanikai ke kira PTO. Da murfi take zuwa. Ka zagaya ka ƙirga nawa ne suka rage da murfinsu. Sandar nan tana juyi 540 a minti ɗaya, sau 9 ke nan a daƙiƙa. Mu kuwa mutane ne masu yalwar tufa: doguwar riga, rawani, zani, hijabi. Idan bakin hijabin mai sheƙa ya taɓa ta, kafin ta buɗe baki ta yi ihu ya naɗe har wuya. Babu hannun da ya isa ya fizgo, babu direban da ya isa ya kashe inji a kan lokaci. Amma an cire murfin don yana hana a sa giris da sauri, an jefar da shi a bayan gareji.

Duba kuma saman manyan tayoyi. Kujera ɗaya aka yi wa tarakta, amma sai ka ga mutum biyu a murfin wannan taya, biyu a wancan, wani ya tsaya kan ƙarfen da ya haɗa ta da tirela, har da yara ana rage musu hanya zuwa kasuwa. Tarakta ba ta da abin da ke shanye girgiza kamar ƙaramar mota. Rami ɗaya ya isa ya cillo mutum, kuma inda zai faɗa gaban taya ne, ko ƙarƙashin farantan haro, ko ƙarƙashin tirela mai lodi. Direba ba zai ma ji ba sai an yi masa ihu.

Sai kuma jan kaya. Da damina motar kaya ta kafe a laka, a kira mai tarakta. Wasu sai su ɗaura sarƙa can sama, a bayan kujera, wai ta fi kama ƙasa. Gaskiya ne tana kamawa, shi ne ma matsalar. Idan abin da ake ja ya ƙi motsi, tayoyin baya suka riƙe ƙasa, ƙarfin injin sai ya koma ɗaga gaban mota. Cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya ta kai inda ba ta dawowa, cikin daƙiƙa ɗaya da rabi ta kife a kan direba. Shi ya sa aka yi mata ƙarfen ja can ƙasa, ƙasa da tsakiyar tayoyin baya. Nan kaɗai ake ɗaura sarƙa, ko mota ake ja ko kututture.

Na san amsoshin da za a ba ni, domin na sha jin su a bakin mutanen da nake girmamawa.

Na farko a ce talauci ne, mai tarakta da kyar yake sayen gas. Ban musa tsadar gas da kayan gyara ba. Amma mu yi wa juna adalci. Makulli da makunnin giya da 'yar waya suna cikin mafi arha a jikin motar nan, kuɗinsu bai kama ƙafar kuɗin taya ɗaya ba. Mutumin da ke karɓar kuɗin huɗar hekta bayan hekta tun daga asuba har dare bai rasa kuɗinsu ba. Ya dai auna ne ya ga idan famfon gas ya lalace mota ba za ta fita ba, sai ya gyara a ranar, idan kuwa makulli ne ya lalace mota za ta fita, sai ya bari. Da shi ne ke tsayawa gaban tayar kullum da safe, da lissafin ya canza.

Na biyu a ce damina ba ta jira, babu lokacin ɓatawa. To wata nawa motar ta yi tana zaune da rani? A lokacin ne ya kamata a gyara birki, a sake batir, a mayar da murfi. Kuma hawa kujera, a duba giya, a taka kulochi, a murɗa makulli, duka bai kai minti ɗaya ba. Ranar da aka taka mutum kuwa, aikin ranar ya tashi, na gobe ma ya tashi.

Na uku direba ya bugi ƙirji ya ce shekara ashirin yana yi ko ƙwarzane bai taɓa samu ba. Na yarda. Amma abin da ya tsare shi a shekarun nan shi ne kullum ana tuna a mayar da giya firi. Rana ɗaya ta mantuwa ake jira, ko ranar da wani yaro ya hau ya yi wasa da sandar giya da dare. Abokin karatuna ma ya yi sau ɗaruruwa lafiya lau. Sabo turken wawa.

Na huɗu shi ne mafi nauyi: a ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Babu mai jayayya da ƙaddara a cikinmu. Sai dai abin mamaki, mai faɗin haka yana kulle shagonsa da kwaɗo, yana ɗaure akuyarsa, yana kai taraktar inda mai gadi yake don kada a sace batir. A kan dukiyarsa ya san rigakafi, sai a kan jikin yaron gidansa ne yake tuna tsautsayi. Idan ka cire abin kariya da hannunka, aka gaya maka, ka ƙi ji, to abin da ya biyo baya yana da suna, sakaci ake ce masa.

Wasu ƙasashe sun gwada sun ga bambanci. Suwidin ta wajabta sanya ƙarfen kariya a saman kujerar sababbin taraktoci tun 1959, Birtaniya ta bi sahu a 1970. A Suwidin mutuwar direbobi ta hanyar kifewar tarakta ta ragu da fiye da kashi 90 cikin ɗari. Taraktocinsu ba su daina kifewa ba, amma direba ya samu wurin da ƙarfe ba zai danne shi ba. A nan kuwa har wadda ta zo da nata ƙarfen sai ka tarar an kwance shi. Sai dai a kula, ba bututun ruwa za a kai wa mai walda ya lanƙwasa a ce an yi kariya ba. Irin wannan rumfar inuwa ce kawai, idan mota ta kife tare da ita za a danne mutum.

Saboda haka ga abin da nake nema, kuma babu wanda ya fi ƙarfin kowa a ciki. Mai mota ya gyara makulli da makunni da birki kafin ya karɓi sisin kowa. Direba ya riƙe doka ɗaya: ba a tashin tarakta sai daga kan kujera, kuma sai ya waiga ya tabbatar babu kowa gaba da baya. Idan zai sauka ya sauke haro ƙasa, ya kashe inji, ya zare makulli, domin haron da ke rataye mai ne kawai ke riƙe da shi, tiyo ɗaya ya fashe ya faɗo kan wanda ke kwance yana cire ciyawa. Idan zai hau titi ya haɗe birkinsa biyu, don taka ɗaya a cikin gudu yana jefa mota rami. Bakanike kuma ya daina haɗe wayoyi yana cewa ya gyara.

Mu ma da muke ɗaukar haya muna da hannu a ciki. Mu ne ke tsaye muna azalzalar direba, mu ne ke ɗora 'ya'yanmu kan taya don su ji daɗi, mu ne ke tafa wa yaron sukundireba. Idan tarakta ta shigo gonarka bana, ka kore yara daga wurin, ka hana mata matsowa kusa da sandar da ba ta da murfi, idan ka ga za a tashe ta daga ƙasa ka ce a'a, wani ya hau kujera tukuna. Za a ce ka cika tsoro, za a ce boko ne ke damun ka. Ka bari a faɗa. Na gwammace a yi mini dariya a bakin gona da in sake zuwa duba wani a gadon asibiti ina ce masa sannu, alhali na gani ban yi magana ba.

Wanda yake da ɗan'uwa direba ko yaron tarakta, don Allah ya karanta masa wannan kafin ya fita gobe. Masu ganin na yi tsauri kuma, fili naku ne, ina sauraro.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya mayar da kowa gidansa lafiya.