A Daina Ɗora wa Launi 256 Laifin da Ba Nasa Ba

Ka ɗauki bidiyon hawan sallah da wayarka, ka mayar da shi GIF don turawa 'yan uwa, sai ka ga fuskoki sun dusashe, farar babbar riga ta zama fegin fari babu zubin ɗinki. Ka kai kuka wurin masu aikin hoto, amsarsu guda ce: "Ai GIF ke nan, launi 256 kawai yake ɗauka." Wannan amsa ta daɗe tana yawo har ta zama kamar karatun allo, kuma ita ce ta hana mutane duba inda ɓarnar take.

Gaskiya ne, tun da CompuServe ya fito da GIF a 1987, jadawalin launukansa bai wuce gurbi 256 ba. Amma kowane gurbi daga cikin launuka sama da miliyan 16 ake cika shi, kuma mai aikin ne ke da zaɓi.

Ɓarnar daga HDR take farawa. Abin da hoton HDR ya fi sauran hotuna da shi haske ne. An tsara bidiyo na da a kan haske nit 100, ma'aunin PQ da HDR10 ke bi kuwa ya kai nit 10,000. Tun daga iPhone 12 a 2020, yawancin wayoyin Apple da HDR suke ɗaukar bidiyo sai in ka kashe shi da hannunka. GIF ba shi da inda zai rubuta cewa wannan farin ya ninka wancan haske sau goma. Farinsa ɗaya ne. To manhajar da aka rubuta da gaggawa abu biyu take yi: ko ta datse duk hasken da ya wuce farin nan, ko ta karanta lambobin HDR kamar na sRGB ne, wato ma'aunin launi na allo na yau da kullum, hoto ya fito fayau kamar an wanke shi da toka. Duka biyun suna faruwa tun kafin a zaɓi launi ko ɗaya. Mai shakka ya gwada: ya fitar da hoton ta wannan hanya zuwa JPEG, mai miliyoyin launuka. Ɓarnar nan dai zai tarar.

Maganin ma ba sabo ba ne. Sai an fara matse hasken ya shiga abin da allo na yau da kullum zai iya nunawa. Erik Reinhard da abokan aikinsa sun bayyana wata hanyar yin haka a 2002, bisa tsarin auna haske na mai ɗaukar hoto Ansel Adams. Sannan a mayar da launuka daga BT.2020, ma'aunin launi na HDR, zuwa sRGB. Daga nan ne za a tsamo launuka 256 daga cikin hoton kansa, kamar yadda Paul Heckbert ya nuna a 1982, a yayyafa ɗigogi irin na Floyd da Steinberg na 1976 don ɓoye gaɓoɓin launi. Manhajar ffmpeg, wadda kyauta ce, tana da palettegen da paletteuse don wannan aiki.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wanda ke biyan kuɗin wannan sakaci. Idan ba a tsamo launuka daga hoton ba, aka ɗauki tsohon jadawalin intanet mai launi 216, matakai shida kacal ya ba ja, shida kore, shida shuɗi. Launin ƙasa-ƙasa nawa ke cikinsa da za su zana fuskar baƙar fata? Kaɗan ne ƙwarai. Idan kuma ba a matse haske da kyau ba, sai fararen kaya da rana tsaka su cinye yawancin gurabun, fuskar dattijon da ke cikin rigar ta koma dunƙulen duhu. Mu da muke sa fari muna tsayawa cikin rana, hotunanmu ne suka fi shan wannan wahala.

Na yarda GIF yana da iyaka. Sararin sama da almuru, mai sauya launi a hankali, zai yi layi-layi komai ƙwarewarka, yayyafin ɗigogi kuma yana kumbura fayil. Irin wannan a bar shi a MP4. Amma masu koyar da aikin hoto a shagunanmu su daina sallamar ɗalibi da zancen 256. Su zaunar da shi su nuna masa matse haske kafin ya taɓa jadawalin launi.