Takardar tuhuma a hannu, sanarwar ƙarin girma a bango



Akwai wata al'ada da ta yi kaka-gida a jami'o'in gwamnati na ƙasar nan, kuma sunan da ya dace da ita shi ne zalunci. Idan ƙaramin ma'aikaci ya makara, ko aka same shi yana gyangyaɗi a bakin ƙofa, takardar tuhuma takan iske shi a ranar. Masinja zai bi shi har inda yake, ya damƙa masa hannu da hannu, ya sa shi ya rattaba hannu a littafi, a ba shi awa 24 ko 48 ya kare kansa. Amma in sanarwar kwas ce, ko ta ƙarin girma, ko ta hutun ƙaro ilimi, sai a rubuta ta da dogon Turanci, a liƙa a wani allo da ke saman bene kusa da ofishin magatakarda, ko a tura ta imel. Wa'adi ya wuce, mutum ya zo yana ƙorafi, amsar da yake samu guda ce: ai an sanar.

Ni dai na ce ba a sanar ba. Sanarwar da ba ta isa kunnen mai ita ba, ajiya ce kawai aka yi, don ofis ya sami abin kare kansa ran da aka tambaye shi.

Maganar ta shafe mu kai tsaye. Cikin 'yan uwanmu mazauna kudu akwai masu cin abinci a jami'o'i: masu gadi, direbobi, masu kula da shanu da tumaki a gonakin koyarwa na tsangayar noma, masu gyaran famfo da lantarki a sashen ayyuka, masu shara da yankan ciyawa, da 'yan akawuna da malamai ƙalilan. Kuma ba mu kaɗai abin ke ci ba. Bayarabiya mai shara da ɗan ƙabilar Ibo mai tuƙa motar ɗalibai, duk jirgi ɗaya ya kwaso mu. Bambancin kawai, su suna da ɗan uwa ko maƙwabci a kusan kowane ofis da zai raɗa musu, namu kuwa sau da yawa ba shi da kowa.

Bari mu fayyace abin da ake asara, don wani yana ganin maganar takarda ce kurum. Albashin malaman jami'a yana kan tsarin CONUASS, na sauran ma'aikata kuma yana kan CONTISS. A wannan na biyun, mataki na 1 zuwa na 5 su ne ƙananan ma'aikata, daga na 6 zuwa sama kuma manya. Tsakanin 5 da 6 akwai katanga, kuma yawan shekarun aiki kaɗai ba ya tsallakar da mutum. Takardar shaidar karatu ake nema, da cike fom ɗin auna ƙwazo na shekara-shekara da ake kira APER, wani wurin har da jarrabawa ko ganawa da kwamiti. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da lokacinsa, kuma ta hanyar sanarwa ake faɗin lokacin. Wanda sanarwa ta wuce shi, shekara guda ta wuce shi.

Asarar ba ta tsayawa a albashin wata. Dokar fansho ta 2014 ta ce a riƙa cire aƙalla kashi 8 cikin ɗari daga albashin ma'aikaci, wanda ya ɗauke shi aiki ya ƙara aƙalla kashi 10, a tara masa a asusunsa. Ke nan mai ƙaramin albashi ƙaramin fansho yake tarawa. Tun gyaran dokar jami'o'i na 2012, ma'aikacin da ba malami ba yana iya kaiwa shekara 65 kafin ya yi ritaya. Ka duba mutumin da ya shiga aiki yana saurayi, ya tsufa a mataki na 3 ko na 4, ya koma gida da abin da ba zai riƙe shi da iyalinsa ba, alhali hanyar hawa tana nan a buɗe tsawon shekarun, babu dai wanda ya nuna masa ƙofarta. Rashin sani ya fi dare duhu, amma wannan duhun wasu ne suka kashe fitila.

Ga yadda takarda ke tafiya a jami'a. Tana fitowa daga ofishin magatakarda, ta je wurin shugabannin tsangayoyi da daraktoci, daga nan ga shugabannin sassa, daga nan ga sakatarensu. A nan mafi yawa take kwanciya. Ko ta shiga fayil, ko ta hau allo, ko a ɗauki hotonta a jefa a zauren WhatsApp na manyan ma'aikatan sashe. To maigadin da ke kama aiki da magariba ya tashi da asuba, yaushe zai ga allon da ke cikin ginin da ake kullewa da yamma? Direban da ya kwana uku a hanya da ɗalibai fa? Mai kiwon da ke can ƙarshen gona, wanda sai ya yi mako bai taka harabar ofisoshi ba? Ba sa cikin zauren WhatsApp ɗin, wasunsu ba su ma san an buɗe musu adireshin imel ba.

Na san amsoshin da ake bayarwa, kuma zan ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Ta farko, wai Turanci ne harshen aiki, wanda bai iya ba ya je ya koya. Babu mai musun cewa da Turanci ake rubuta takardun gwamnati. Amma ran da shugaban sashe yake son a share fili kafin bikin yaye ɗalibai, da wane harshe yake magana da lebura? Da Yarbanci, da Ibo, da Burokan, har da 'yar Hausar da ya tsinta a kasuwa. Harshen ba da umarni yana da sauƙin samuwa, sai an zo kan haƙƙi ne Turanci ke zama farilla. Kuma wannan jami'a ce, gidan da ake koyar da harsuna da fassara, ake ba da digiri a kansu. A ce a irin wannan gida an rasa mai mayar da layi biyar zuwa harshen da mai shara ke ji, wannan ba uzuri ba ne.

Ta biyu, wai babu kuɗi. Nawa ake kashewa wajen aika saƙon tes, ko ɗaukar murya ta minti biyu a tura wa shugaban masu gadi ya kunna wa mutanensa lokacin canjin aiki? Jami'o'i da dama ma suna da gidan rediyonsu, kamar Diamond FM a Ibadan da Lion FM a Nsukka da rediyon Jami'ar Legas. Kayan isar da saƙo suna nan. Kuma mun ga an yi amfani da hanyoyin da ake da su lokacin da aka ga dama. A ƙarshen 2019, da gwamnatin tarayya ta tura jami'anta su yi wa ma'aikatan jami'o'inta rajistar IPPIS, labari ya zaga har ɗakin masu gadi da garejin direbobi, kowa ya san ranar da zai zo da takardun da zai riƙo. Abin da aka iya yi don tantance mutum, ana iya yin sa don ɗaga shi.

Ta uku, wai ƙananan ma'aikata ba su damu da karatu ba. Wannan ita ce ta fi ciwo. Ta yaya za ka san mutum ba ya son abu alhali ba ka taɓa nuna masa ba? Mutumin da ya baro Kano ko Sakkwato ko Katsina, ya koyi Yarbanci ko Ibo a bakin titi, yake biyan kuɗin makarantar 'ya'yansa daga albashin gadi, shi ne za a ce ba ya son ci gaba? A gwada shi tukuna, in ya ƙi sai a yi magana.

Ta huɗu, wai kuɗin horo na malamai ne. A nan akwai gaskiya rabi. Asusun TETFund, wanda dokar 2011 ta kafa kuma kuɗinsa ke fitowa daga harajin ribar kamfanoni, malamai yake ɗaukar nauyin karatunsu na digiri na biyu da na uku, kuma ba mu da ja a kan haka. Amma a kason halartar tarukan ƙara wa juna sani akwai rabon ma'aikatan da ba malamai ba. Bayan wannan, ƙa'idojin aiki na jami'o'i sun tanadi hutun ƙaro ilimi da izinin karatun wucin gadi, kuma akwai ofishin da aikinsa ke nan, horar da ma'aikata. Tambayar ita ce, su wa ke jin labari, kuma su wa ke tafiya duk shekara? In babu abin ɓoyewa, a liƙa sunayen waɗanda suka amfana a inda kowa zai gani.

Sai ƙungiyoyin ƙwadago. NASU da SSANU suna karɓar kuɗin ƙungiya daga albashin mambobinsu duk wata, ba fashi. A 2022, da ASUU ta tafi yajin aikin da ya kai wata takwas, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, su ma waɗannan biyun sun tsunduma daga Maris zuwa Agusta. Ran da aka ce a ajiye aiki, saƙo ya kai kowace ƙofa da kowane gareji. Wakilan da suka iya zagayawa suna cewa a rufe ofis, me zai hana su zagaya suna cewa fom ɗin APER ya fito, ranar kaza za a rufe? Ƙungiyar da ba ta tuna ƙaramin mamba sai ran da ake neman cika layin zanga-zanga, ta ci amanar kuɗinsa.

Yanzu mu dawo gida, don ba zai yiwu mu yi ta nuna wasu da yatsa mu tsallake namu ba. Akwai 'yan bokonmu da Allah ya ɗaukaka a waɗannan jami'o'i. Takardar nan takan bi ta teburinsu. Suna haɗuwa da maigadin a masallacin jami'a ran Juma'a, a gaisa, a tambayi iyali, a rabu, ba a ce masa uffan ba. Wani tsoro yake kada a ce yana ƙabilanci. Ranka ya daɗe, gaya wa mutum abin da aka riga aka liƙa a bango ba ƙabilanci ba ne. Ba a ce ka saka sunansa ta bayan fage ba, cewa aka yi ka karanta masa.

Ku kuma 'yan uwa ƙananan ma'aikata, kunya da “na gode wa Allah” sun isa haka. Godiya ga Allah wajibi ce, amma ba ta hana neman haƙƙi, kuma matambayi ba ya ɓata. Abu na farko, kowa ya tabbatar wa kansa wane ne ubangidansa. Yanzu jami'o'i da yawa sun miƙa gadi da shara ga 'yan kwangila. In kamfani ne ya ɗauke ka, ko da a harabar jami'a kake kwana, ƙarin girman jami'a bai shafe ka ba, kuma gara ka sani tun da wuri. In kuwa takardar ɗaukarka aiki daga ofishin magatakarda ta fito, duba ko an ba ka takardar tabbatar da kai bayan shekarun gwaji, don ita ce tushen duk abin da zai biyo baya. Nemi littafin ƙa'idojin aiki na ƙananan ma'aikata, a karanta maka shi tun daga farko.

Hanyoyin samun takardar shaida kuma ba ɓoyayyu ba ne. Wanda bai gama sakandare ba yana iya zama jarrabawar WAEC ko NECO ta masu zaman kansu, ko ta NABTEB ga masu sana'ar hannu. Makaniki da mai gyaran lantarki da mai aikin famfo suna da gwajin sana'a na Ma'aikatar Ƙwadago ta tarayya, daga daraja ta 3 zuwa ta 2 zuwa ta 1. Mai sakandare yana da jami'ar karatu daga gida ta NOUN, da shirye-shiryen karatun ƙarshen mako a kwalejojin fasaha. Sai dai a kiyaye abu ɗaya: a nemi izinin jami'a a rubuce kafin a fara karatun. A wurare da yawa, takardar da aka samo ba da izini ba ana iya ƙin lissafa ta wajen canjin matsayi, mutum ya yi wahalar banza.

Abin da muke nema daga hukumomin jami'o'i kaɗan ne. Duk sanarwar da ta shafi ƙarin girma ko horo ko hutun karatu, a kai ta yadda ake kai takardar tuhuma, wato hannu da hannu, da sa hannun wanda ya karɓa. A haɗa ta da taƙaitaccen bayani cikin harsunan da ma'aikatan wurin ke ji. A ba da wa'adin da mai aikin dare da mai tafiya za su iya riska. A fitar da jadawalin shekara tun farkonta. Inda aka ƙi ba da bayani kuma, akwai dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, wadda ta wajabta wa hukumar gwamnati amsa buƙata cikin kwana 7, kuma jami'ar gwamnati tana ƙarƙashinta.

Kafin su motsa, mu mu fara. A kowace jami'a da muke da mutane, a sami mutum ɗaya mai karatu da zai ɗauki nauyin duba allo da imel duk mako, ya yi bayanin abin da ya fito da Hausa cikin saƙon murya. Wanda ke da irin wannan sanarwa a hannu ya turo wa wannan shafi, za a fassara a sa. Wanda kuma ke da fom ya rasa mai cike masa, ya zo da shi taronmu na gaba tare da takardunsa. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah Ya ba mu ikon riƙe amanar juna, Ya sa albarka a abin da muke nema.

Sakataren ƙungiya