Hayaniyar Ɗan Adam A Ƙarƙashin Teku: In Kunne Ya Ji, Jiki Ya Tsira

Jama'a, a cikin shekarar 1956 wani Bafaranshe gwanin nutso mai suna Jacques Cousteau ya fito da wani fim game da ƙarƙashin teku, ya raɗa masa suna Duniyar Shiru. Fim ɗin ya yi farin jini ƙwarai da gaske, har ya ci babbar lambar yabo ta garin Cannes, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka kalle shi sun tashi da zaton can ƙasan teku tsit yake kamar maƙabarta. To, suna dai ya yi daɗi, amma fa teku bai taɓa yin shiru ba. Tun fil azal halittun cikinsa suke kira, suke amsawa, suke saurare. Abin da ya sake a zamaninmu shi ne ɗan Adam ya shiga da tasa hayaniyar, har ta kai tana neman danne tasu. Batun da za mu tattauna ke nan a filinmu na wannan mako.

Da farko dai ya kamata mai karatu ya san cewa haske ba ya yin nisa a cikin ruwa. Da an nutsa kamar mita 200 sai ya dushe, in an kai mita 1,000 kuwa, duhu ne baƙi ƙirin dare da rana. Sauti kam ruwa ne gidansa, domin yana gudun kimanin mita 1,500 a daƙiƙa guda a cikin teku, alhali a iska bai wuce mita 340 ba, watau ya ninka fiye da sau huɗu. Saboda haka abin da ido yake gare mu, shi kunne yake ga mazauna teku. Ƙaton dabbar nan da Turawa ke kira wel, wadda jama'a ke ɗauka kifi ce alhali kuwa numfashi take yi a sama tana shayar da ɗanta nono, da kira take samun mijinta, da kira kuma uwa take riƙe da ɗanta cikin duhu. Ƙanwarta dolfin takan saki ƙara ta jira amsa-kuwwa, da haka take gane inda abincinta yake. Kifaye ma da yawa suna gurnani da jakar iskar da ke cikinsu, musamman lokacin ƙwai.

Abin mamaki, yaƙi ne ya koya wa ɗan Adam sauraren teku. A 1944 wasu masana biyu na Amurka, Maurice Ewing da Joe Worzel, suka tabbatar cewa akwai wani zurfi a cikin teku inda sauti yake bi kamar ta bututu, ya yi tafiyar dubban kilomitoci bai mutu ba. Daga shekarun 1950 sojojin ruwan Amurka suka shimfiɗa na'urorin saurare a ƙasan teku don su ji motsin jiragen ƙarƙashin ruwa na Tarayyar Sobiyet. Suna saurarar abokan gaba, sai ga kukan wel yana shigo musu kunne. A 1970 masanin nan Roger Payne ya fitar da faifan garmaho na kukan wel mai doro, wanda ya ratsa zukatan mutane har ya ƙara wa masu neman a hana kashe dabbar ƙarfi. Da yaƙin cacar baka ya ƙare a farkon shekarun 1990, sai aka ba masana kimiyya damar amfani da waɗannan na'urori na soja.

To, me kunnuwan suka jiyo? Kusa da tsibirin San Nicolas na jihar Kalifoniya an ɗauki ƙarar teku daga 1964 zuwa 1966, aka kuma sake ɗauka a wuri guda a 2003 da 2004. Da aka gwada, sai aka tarar ƙarar mai kauri ta ƙaru da desibel 10 zuwa 12. Kada ƙanƙantar lambar ta ruɗe ka, ya mai karatu, domin a wannan ma'auni ƙarin desibel 10 yana nufin ƙarfin sauti ya ninka sau goma. Mafi yawan wannan ƙara daga jiragen ruwa na kasuwanci take, waɗanda ke ɗauke da fiye da kashi 80 cikin ɗari na kayan cinikin duniya. Farfelar jirgi in tana juyawa takan haifar da kumfa, kumfar ta riƙa fashewa, kuma wannan rugugi ya faɗa daidai kaurin muryar da manyan wel ke kira da ita. Ka ƙaddara uwa ce take kiran ɗanta a tsakar gida, aka ta da injin niƙa a ƙofar ɗakinta, aka kuma ƙi kashe shi dare da rana.

Hujjar da ta fi ratsa jiki ta fito ne daga wani wuri da ba a zata ba. A mashigin Fundy na ƙasar Kanada wasu masana suna nazarin wani irin wel da bai kai 400 ba a duniya duka. Da karnuka masu sansano wari suke neman kashin dabbar a kan ruwa, su auna sinadarin da jiki ke fitarwa lokacin damuwa. Bayan harin 11 ga Satumba 2001 a Amurka, zirga-zirgar jirage ta ragu a mashigin, ƙarar ruwa ta sauka da desibel 6, sai ga sinadarin damuwa ya ragu a kashin dabbobin. An buga wannan sakamako a 2012. Ashe dabbobin nan cikin ɗar-ɗar suke rayuwa kullum, ba wanda ya sani sai da aka ɗan yi musu shiru.

Akwai kuma ƙarar da ke kisa nan take. Jiragen yaƙi suna da na'urar sona, wadda ke sakin ƙara mai tsanani don neman jiragen ƙarƙashin ruwa. A watan Maris na 2000 dabbobin teku 17 suka faɗo gaɓar tsibiran Bahamas lokacin da sojojin ruwan Amurka ke atisaye, aka tarar jini ya zuba kewaye da kunnuwan wasunsu, kuma a 2001 rahoton hukuma ya amsa cewa sonar ce mafi kusa da zama sanadi. A Satumba 2002 wel 14 suka yi irin wannan faɗowa a tsibiran Kanari lokacin atisayen rundunar NATO. Ƙasar Sifen ta hana amfani da irin wannan sona kewaye da tsibiran a 2004, kuma a 2013 masana suka ba da rahoton cewa tun daga hanin ba a sake ganin irin wannan mutuwa ta taro a wurin ba.

Wadda ta fi shafar mu kuwa ita ce ƙarar neman man fetur. Kafin a haƙa rijiya a teku, jirgi yakan ja jerin bindigogin iska, su riƙa tashi kowane daƙiƙa 10 zuwa 15, makonni ko watanni, ana auna amsa-kuwwar da ke dawowa daga duwatsun ƙasa. A 1992 masanan ƙasar Norwe sun gwada abin a tekun Barents, suka ga kamun taru ya ragu da kusan rabi, har nisan mil 18 na teku daga inda ake harbin, kuma kwana biyar bayan an daina kamun bai koma yadda yake ba. Ɗaya daga cikin kifayen da aka gwada shi ne wanda ake busarwa ya yi tauri kamar itace, a kawo mana shi kasuwannin Nijeriya. A 2017 kuma wani bincike a gaɓar Tasmaniya ta Ostareliya ya nuna mutuwar ƙananan halittun da kifi ke ci ta ninka sau biyu zuwa uku har nisan kilomita 1.2 daga bindiga guda. Na'urorin da aka ajiye a tsakiyar tekun Atlantika daga 1999 zuwa 2009 sun jiyo harbin bindigogin nan daga nisan kusan kilomita 4,000, ciki har da wanda ake yi a gaɓar Senegal da Muritaniya. Masuntanmu na koguna da ke bugun ruwa don su kora kifi cikin taru ba sa bukatar a yi musu dogon bayani a nan.

Sai dai wannan ƙazanta ta bambanta da sauran. Leda in ta shiga teku sai ta shekara ɗaruruwa, ɗanyen mai in ya malala sai an sha wuya kafin a kwashe shi, amma ƙara kam da zarar an kashe injin ta tafi ke nan. Tashar jiragen ruwa ta Vancouver a Kanada tun 2017 take roƙon jirage su rage gudu a mashigin Haro, take kuma rage kuɗin tasha ga jirgin da ba shi da hayaniya, na'urorinta sun kuwa tabbatar ƙarar ta ragu. A Jamus doka ta kayyade ƙarar kafa turakun injinan iska a teku, kamfanoni suka koma kewaye wurin aiki da labulen kumfa. Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Ruwa ta Duniya ta fitar da ƙa'idojin rage ƙara a 2014, ta sabunta su a 2023, amma fa shawara ce kurum, ba ta tilasta wa kowa. Duk inda aka ci nasara, da awo aka fara, domin wanda bai auna ba ba shi da bakin cewa an wuce iyaka.

Yanzu mu dawo gida. Nijeriya tana da gaɓar teku ta kimanin kilomita 850, da manyan tashoshi a Apapa da Tin Can da Onne, ga kuma ta Lekki da ta fara aiki a 2023, ban da rijiyoyin mai da ke can cikin ruwa mai zurfi irin na Bonga. Cikin wannan mashigi na Gini ne wel mai doro ke zuwa daga kudancin duniya wajen watan Yuli zuwa Oktoba don haihuwa, a cikinsa ne kuma dubban masunta daga Badagry zuwa Kalaba ke neman abin da za su ci. Muna da Cibiyar Binciken Teku ta Tarayya a Ikko tun 1975, an kuma kafa ma'aikata ta musamman don harkokin teku a 2023. Shawararmu ga Gwamnatin Tarayya ita ce a ba cibiyar nan kuɗi da na'urorin saurare na dindindin a bakin tashoshinmu da kewayen rijiyoyin mai, a riƙa buga sakamakon kowace shekara jama'a su gani. Kamfanin da zai harba bindigar iska a ruwanmu a ɗora masa sharaɗin auna ƙararsa, a hana shi aiki lokacin haihuwar wel da ƙwan kifi, a kuma ji ta bakin masunta tun kafin jirgi ya taso. Wanda yake ganin masunta ba su isa a tuntuɓe su ba, ya tuna a watan Disamba 2021 wata kotu a Afirka ta Kudu ta dakatar da irin wannan aiki na kamfanin Shell bayan mazauna gaɓa sun kai ƙara cewa ba a yi shawara da su yadda ya kamata ba.

Mai karatu na Kano ko Sakkwato yana iya cewa ina ruwan biri da gada, tun da shi bai taɓa ganin teku ba. To, kifin ƙanƙarar da ke cikin tukunyarsa daga teku ya fito, kuɗin man da ake raba wa jiharsa ma wani sashensa daga can yake. Wanda ke cin moriyar wuri, haƙƙi ne a kansa ya tambayi halin da wurin yake ciki. Hausawa sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira, kuma na'urar saurare ba ta kai tsadar rijiyar mai guda ba. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.