Wa Ya Cinye Dajin?

Duk shekara idan damina ta kankama, sai mahukunta su fito cikin manyan riguna, a dasa ɗan tsiro guda a gaban 'yan jarida, a tafa, sannan a karanta jawabi ana ɗora wa talaka laifin kwararowar hamada. Wai shi ne mai sare itatuwa, wai matarsa ce ta ƙi rabuwa da murhu. Wannan rainin hankali ne tsagwaronsa, kuma wajibi ne matasa su gane inda gizo ke saƙa.

Da farko, me ya mai da talaka ga icce da gawayi? A 1986 gwamnatin Babangida ta rungumi shirin SAP bisa shawarar Bankin Duniya da IMF, aka karya darajar naira, albashi ya daina kai wata. A watan Janairun 2016 aka janye tallafin kananzir, lita ta tashi daga naira 50 zuwa 83. Zuwa 2023 ta haura naira 1,000. Aka jingine risho a lungu. To da me ake so uwar 'ya'ya ta dafa tuwon dare? Alhali a yankin Neja Delta kamfanonin mai na ƙona iskar gas a banza dare da rana, duk da doka ta hana hakan tun 1984. Wutar da ta fi ƙarfin tukunyar talaka, ita ake ɓarnatarwa a sararin sama!

Na biyu, ba gatarin mai ɗan ƙunshin icce ne ya share manyan dazuzzuka ba. A dubi abin da ya sami madobiya, wadda 'yan katako ke kira madrid. Attajiran ƙasar Sin na son jan katakonta don yin kujerun alfarma. Nan da nan dillalai suka dira jihohin Kogi da Taraba da injinan yanka, tireloli suka yi ta jigila zuwa tashar jiragen ruwa ta Legas. Saurayin ƙauye da ba shi da aiki aka ba shi ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, ya kayar da bishiyar da ta girmi kakansa. A 2017 ƙungiyar bincike ta EIA ta yi zargin cewa an ba da takardun izini bayan aikin gama ya gama, don halatta gungume kusan miliyan 1.4 na kimanin dala miliyan 300 da aka tsare a tashoshin ƙasar Sin. A 2018 hukumar yarjejeniyar CITES ta dakatar da cinikin madobiya daga Nijeriya. Shin tirela na wuce shingen jami'an tsaro da na gandun daji ba tare da an gan ta ba?

Riba ta tsallaka teku, kaso ya shiga aljihun 'yan kore, asara ta zauna a ƙauye. Makiyayi ya rasa ganyen madobiya da yake sassabo wa dabbobinsa da rani, manomi ya ga ruwa na kwashe masa ƙasar gona, sannan a bar su suna faɗa da juna a kan abin da ya saura.

Saboda haka saurayin da dillali ya miƙa wa injin yanka ya sani gadonsa yake sayarwa da kuɗin kwana biyu. Kuma duk wanda ya sake zuwa dasa tsiro gaban kyamara, a tambaye shi nawa ake sayar da kananzir, kuma wa ya sa hannu a takardun tireloli.