Kirik ya ƙi ɗagawa: mi za a yi?

Watan nan zancenmu na kirik ne, wanda wasu ke ce ma jak. In kaka ta yi, amalanke da kamyo suna ɗaukar gero da wake daga Korgom zuwa kasuwar Tasawa. Ranar da taya ta fashe, shi ake nema.

Ƙarfin kirik mai ne. Kana buga hannunsa, mai yana tura sandar ƙarfe sama. In ya ƙi hawa, fara duba mai. Sauke sandar har ƙasa, tsai da kirik daidai, cire 'yar robar da ke gefensa. Mai ya kai bakin ramin. In bai kai ba, ƙara man kirik. Kada ka zuba man birki, yana cin robobin ciki.

In kana bugawa yana hawa kaɗan-kaɗan, iska ce ta shiga. Kwance makullin saukewa, buga hannu kamar sau 10, ka ɗaure. In kuwa ya ɗaga kaya yana sauka shi kaɗai, robar ciki ta mutu. Wannan sai makanike.

Ku da kuka koyi karatu, ku duba lambar da ke jikinsa. Na ton 2 ba ya aikin na ton 5. Ƙasarmu rairayi ce, sai ka shimfiɗa katako kafin ka ɗora shi. Kada ka shiga ƙarƙashin kaya sai ka tokare da kututture.

To, in kirik ya mutu fa? Nan ne ake ɓarna. Wasu makiyaya suna shafa ma akuya ko raƙumi tsohon mai don ƙazwa. Ku bari. Dabba tana lasa, guba ta shiga cikinta. Ƙazwa aikin likitan dabbobi ce. Kada kuma a zubar da man kusa da rijiya, rairayi na shanye shi, ruwan sama ya bi da shi ƙasa. Tsiyaye shi cikin bido, ka rufe, ka kai ma makanike a Tasawa ko Mayahi. Bidon nan kada ya sake ganin ruwan sha ko nono.

Ƙarfen kuwa kuɗi ne, maƙeri na so. Amma ka cire robar gefe, ka kwance makulli, mai ya fita sarai kafin ka ba shi. In ya shiga wuta a rufe da mai ciki, yana iya fashewa a fuskar maƙeri.