"Sai Da Hanya": Maganar Da Ke Cinye Shekarun Matasan Ribah

Duk ranar da aka ce an buɗe shafin ɗaukar ma'aikatan kwastam, ko shige da fice, ko 'yan sanda, shagunan kwamfuta na Ribah kan cika tun hantsi bai dubi ludayi ba. Janareto na ruri, samari sun yi cirko-cirko riƙe da ambulan ruwan ƙasa, kowa da kwalinsa da hoton fasfo da takardar shaidar zama ɗan ƙaramar hukumar Danko/Wasagu. Mai shago na fama da sabis, a cika fom rabi ya yanke, a koma farko. A cikin wannan jira ne wani kan ja tsaki ya ce, "Wallahi wahalar banza muke yi, aikin nan sai da hanya." Sauran su gyaɗa kai.

Maganar ta zauna daram a ƙasar Zuru da Ribah ke cikinta, har iyaye sun haddace ta. Wanda ba shi da uwa a gindin murhu, in ji su, gaya zai ci tuwonsa. Akwai gaskiya a ciki, kuma ba wanda zai musa. A 2023 wani kwamitin Majalisar Wakilai ƙarƙashin Yusuf Gagdi ya binciki cinikin guraben aiki a hukumomin tarayya, har wani tsohon jami'in Hukumar Daidaita Rabon Muƙamai ya amsa da bakinsa cewa ya karɓi kuɗi daga masu neman aiki. Sai dai gaskiyar guntuwa ce, kuma ɓarnar da take yi wa yaran Ribah ta fi wadda masu sayar da guraben ke yi musu.

A duba lissafi. Ranar 15 ga Maris 2014 hukumar shige da fice ta tara masu neman aiki a filayen wasa na ƙasar nan, kowa ya biya naira 1,000. Sama da mutum rabin miliyan ne ke zawarcin guraben da ba su kai 5,000 ba, aka yi turmutsitsi, fiye da mutum 15 suka rasa rayukansu. Ko waliyyai aka ɗora su yi wannan rabo, 99 cikin 100 hannu rabbana za su koma gida. Wanda ya faɗi a irin wannan takara ba lallai ne wani ya danne shi ba. Kujerun ne ba su isa ba. Amma "an ci da rabona" ya fi daɗin faɗa a majalisa.

Masu cin riba da wannan imani su ne 'yan damfara. Tunda kowa ya yarda aiki saye ake yi, mai sayarwa ba ya shan wahalar talla. Uba ya kai bijimi kasuwar Bena, ya haɗa da buhunan dawar da ya tanada don damina, a tura kuɗin "ofa" ga wani da aka ce yana da mutum a Abuja. Takarda ta iso ta WhatsApp da tambari da sa hannu, gida ya ɗauki guɗa. Yaro ya ɗinka sabon kaya ya hau mota, sai a bakin ƙofar ma'aikatar mai gadi ya gaya masa ba a ɗauki kowa ba a bana. Kunya ba ta barin a kai ƙara, shi ya sa gidan gaba ma ke faɗawa ramin.

Abin da ya fi ciwo shi ne sakacin da maganar ke haifarwa. Wanda ya riga ya yanke cewa cancanta ba ta da amfani, ba zai tsaya ya gyara takardunsa ba. A buɗe ambulan ɗin nan a gani. Sunan da ke sakamakon WAEC daban, na katin NIN daban, ranar haihuwa kuwa iri uku. Kwamfutar da ke tace masu nema ba ta san ɗan gidan wane ba, da ta ga saɓani sai ta watsar. Adireshin imel mai shago ne ya buɗe, shi kaɗai ya san lambar sirrin, wani lokaci ma lambar wayarsa ya sa a fom. Saƙon gayyata zuwa jarrabawa ya zo ya wuce, mai nema na can yana jiran kiran kawu. Takardar CV kuwa guda ɗaya ce a kwamfutar shagon, suna kawai ake sauyawa, sai a tarar da mutum ashirin duk masu sha'awar "karatu da tafiye-tafiye". Wanda ya karanci kiwon lafiyar dabbobi, ya yi shekara biyu yana yi wa shanun Fulani allura, bai rubuta wannan ba, don a ganinsa ba aikin ofis ba ne. Alhali shi ne kaɗai layin da zai sa mai ɗaukar aiki ya ɗaga kai.

Tarihin yankin ma ya taimaka wa ruɗin. Ƙasar Zuru gidan soja ce: ta haifi Laftanar Janar Ishaya Bamaiyi, wanda ya shugabanci rundunar sojan ƙasa daga 1996 zuwa 1999, da Manjo Janar Tanko Ayuba, da marigayi Sarkin Zuru Manjo Janar Muhammadu Sani Sami. Da wuya a sami zuri'ar da ba ta da mai kaki. Sai yara suka taso da tunanin cewa 'yar takarda daga wani tsohon hafsa ta isa ta kai mutum Defot na Zariya. Sun manta kason Kebbi ƙananan hukumomi 21 ke raba shi, kuma rundunar kullum nanatawa take cewa fom ɗinta kyauta ne. Kakannin da suka gina wannan suna da ƙarfin ƙirji da juriyar da suka koya a gonar golmo, wato noman neman aure, suka shiga, ba da wasiƙa ba.

Wannan ba goyon bayan 'yan siyasar da ke hawa mumbari suna cewa matasa su koma gona ba ne. Wace gonar? A Danko/Wasagu akwai ƙauyukan da 'yan bindiga suka tayar, kuma a Nuwamba 2025 har makarantar 'yan mata ta Maga suka shiga suka kwashi ɗalibai. Gwamnati ma ba ta wanke ba. Hukumar ƙididdiga ta ce rashin aiki ya kai kashi 33.3 cikin 100 a ƙarshen 2020, sai a 2023 ta sauya ma'auni ya dawo 4.1, domin yanzu wanda ya yi aikin awa ɗaya a mako ma'aikaci ne. Shirin N-Power da aka fara a 2016 da naira 30,000 a wata, wasu har aure suka yi a kansa, a Oktoba 2023 aka dakatar da shi.

To amma tunda haka ƙasar take, taimakon da ɗan Ribah ke buƙata shi ne na wanda ba zai yi masa alkawarin aiki ba. Mutumin da zai zauna da shi ya ce: wannan gurbin ba ka cika sharaɗinsa ba, kada ka ɓata kuɗin mota, wancan ka cika, amma ku dubbai ne, ka nema ka kuma ci gaba da abin da kake yi. Ya gaya wa mai digirin kimiyya cewa in koyarwa yake so, ya yi difloma ta malanta ya yi rajista da hukumar malamai ta TRCN. Ya nuna wa ɗalibin Jami'ar Noma ta Tarayya da aka kafa a Zuru a 2020 cewa masana'antun shinkafa irin WACOT a Argungu da Labana a Birnin Kebbi, da dillalan iri da taki, su ma suna ɗaukar mutane. Ya tuna masa cewa ƙungiyoyin agaji da ke shiga karkara suna neman mai iya rubuta rahoto da tattara bayanai a kwamfuta, kuma mai jin C'lela da Hausa yana da abin da ɗan Legas ba shi da shi. Irin wannan shawara ba ta da daɗin ji, shi ya sa ba ta da kasuwa. Darasin sana'a na SAED da ake yi wa masu bautar ƙasa a sansanin Dakingari ma, da yawa barci suke zuwa yi.

Masu iya ba da wannan shawara kuwa suna nan cikin gari: tsofaffin sojoji, malaman makaranta da suka yi ritaya, ma'aikatan sakatariya da suka san ciki da wajen fayil. Da za su ware Asabar ɗaya kafin kowace tantancewa, su baje tebur a makarantar firamare, su duba sunaye da ranakun haihuwa, su sa yara su gwada amsa tambayoyin intabiyu, da an rage asara. Soja na neman namiji ɗan shekara 18 zuwa 22 in ba mai sana'a ba ne, mai tsawon da bai gaza mita 1.68 ba. Tef ɗin tela ya isa ya gaya wa yaro matsayinsa, tun bijimin babansa yana ɗaure a turke.