Agwagin da suka riga yara mutuwa a Anka da Bukkuyum

A farkon shekarar 2010, mutanen wasu ƙauyukan Anka da Bukkuyum sun lura agwagi na ƙarewa a bakin kududdufai. Ba wanda ya ɗauki abin da muhimmanci, domin mutuwar agwagwa ba labari ba ce a karkara. Bayan 'yan watanni yara suka fara jijjiga suna mutuwa. Kafin a shawo kan gubar dalmar da ta fito daga duwatsun zinaren da ake daka wa a cikin gidaje, sama da yara 400 sun rasu a garuruwa irin su Dareta da Abare da 'Yargalma da Bagega. Masu bincike daga Amurka sun gano daga baya cewa agwagin nan ne suka fara nuna alamar.

Abin da ya sa ake tuna wannan yanzu shi ne, a watan Disamban 2024 Gwamnatin Tarayya ta ɗage haramcin haƙar ma'adinai da ta sanya wa Zamfara tun 2019. Ana ta maganar tsaro da kuɗin shiga. Maganar inda dabbobi za su sha ruwa kuwa shiru ake ji.

Duk makiyayi ya san saniya na shan sama da lita 30 a rana idan bazara ta yi tsanani, kuma ba ta zaɓen mashaya. Idan kududdufin da ya rage a gari shi ne wanda ake wanke garin dutse a ciki, nan za ta sha. Dabbar da ba ta samun kanwa ko manda takan koma lasar ƙasa, abin da ke ƙara kai gubar cikinta. Maruƙa ne suka fi saurin kamuwa. Alamomin ba ɓoyayyu ba ne: dalalar da miyau, cizon haƙora, tangaɗi, makanta, da jingina kai a bango ko kututture. Mai garke kan ɗauka wani ciwo ne na daban, ya sayo allura a kasuwa ya yi mata, kuɗi su tafi, dabba ta bi bayansu.

Babban haɗarin yana wurin wuƙa. Al'ada ce a yi maza a yanka dabbar da ta kwanta kafin ta zama mushe, a sayar da naman da rahusa. Ba a ganin laifin talakan da akuya biyu ce jarinsa, amma dalma na taruwa a hanta da ƙoda, tana kuma fita a nono, kuma dafuwa ba ta kawar da ita. Sannan tunkiyar da ta sha ruwa a Bukkuyum na iya ƙarewa a hannun mahauci a Gummi, inda ba wanda ya san daga ina ta fito.

Gaskiya ne rashin tsaro ya hana malaman dabbobi shiga ƙauyuka da dama, satar shanu kuma ta tilasta wa mutane tsare abin da ya rage musu kusa da gida, wato kusa da inda ake daka dutse. Wannan ma dalili ne na ƙara himma.

Ya kamata gwamnatin jihar ta sanya wa duk mai lasisin haƙa sharaɗin killace wurin wanke dutse da gina mashayar dabbobi nesa da shi. Akwai Kwalejin Aikin Gona da Kimiyyar Dabbobi a Bakura, akwai tsangayar likitancin dabbobi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. Su za su iya horar da matasan ƙauyukan su gane alamomin, su kuma ɗebi jini don gwaji. Sabuwar Ma'aikatar Bunƙasa Kiwon Dabbobi da aka kafa a 2024 ta samar da lambar waya ɗaya da mai unguwa ko arɗo zai kira idan kaji ko awaki suka fara mutuwa ba dalili, tare da ɗan diyya ga wanda ya yarda ya binne dabbarsa maimakon ya kai ta mahauta.